Tsoro Ba Zai Ci Garinmu Ba: Kira Ga Jama'ar Doka

Ya ku jama'ar Doka da ke Kaduna, manya da yara, maza da mata! Ni ɗan Katolika ne, kuma da bakin ɗan Katolika zan yi magana, amma zancen ya shafi duk wanda yake kwana yake tashi a garin nan. Ku tsaya ku saurara, domin labarin wani yaro ne ɗan shekara 18 da ya yi abin da manya da yawa suka kasa.

Sunansa Michael Nnadi. Maraya ne, ɗan tagwaye, kakarsa ce ta rene shi. Dayosis ɗin Sakkwato ne ya turo shi karatu a Good Shepherd, makarantar horar da limaman Katolika da ke Kakau, bakin hanyar Kaduna zuwa Abuja. Daga Doka zuwa can ba a cika awa guda a mota ba. A daren 8 ga Janairu, 2020, 'yan bindiga sanye da kaya irin na soja suka fasa shingen makarantar, wadda ɗalibai kusan 270 ke kwana a cikinta. Suka yi ta harbi, suka kwashi wayoyi da kwamfutoci, suka tasa ɗalibai huɗu a gaba sai daji. Michael ne ƙaraminsu. Bayan kwana goma aka tsinci ɗaya a gefen hanya jina-jina. A ƙarshen watan aka sako biyu. Ranar 1 ga Fabrairu Bishop Matthew Hassan Kukah na Sakkwato ya sanar da duniya cewa an ga gawar Michael. Ranar 11 ga watan aka binne shi a harabar makarantar da aka ɗauke shi.

Da labarin ya tsaya a nan, da mun ce wannan ma ɗaya ne daga cikin dubban da daji ya cinye, mu yi kuka mu share hawaye. To, Allah bai bar gaskiya a rufe ba. Bayan 'yan watanni jami'an tsaro suka kama gungun da ya yi aika-aikar. Wanda ya amsa cewa shi ya kashe Michael ya yi hira da jaridar Daily Sun yana tsare, ya faɗi dalilinsa da bakinsa. Ya ce tun ranar da suka kamo yaron bai bar shi ya huta ba. Kullum yana yi masa wa'azin bisharar Yesu, yana gaya masa ido da ido cewa ya bar muguwar hanyar da yake kai, in ba haka ba zai hallaka. Abokan Michael da suka tsira ma sun ba da shaida: ana dukansu, ana wulaƙanta su, amma da ɗaya daga cikin masu tsaronsu ya fara yi masa tambayoyi a kan bangaskiyarsa, Michael bai ɓoye komai ba, har ya koya masa addu'ar Ubanmu.

Ku auna wannan da hankali. Yaro ne a hannun masu bindiga, a tsakiyar dajin da ko ya yi ihu ba mai jin sa. Ya san shiru zai iya tsirar da shi. Ba wanda zai zarge shi da ya sunkuyar da kai ya jira a biya kuɗin fansa. Amma ya dubi mutumin da ke riƙe da ransa a bakin bindiga, ya ga ɗan Adam da yake kan hanyar ɓata, ya ji tausayinsa fiye da yadda ya ji tsoronsa. Bai zage shi ba. Bai tsine masa ba. Ya gaya masa gaskiya domin yana so ya tsira. Shi ma makashin, a hirar nan, bai iya ɓoye cewa ƙarfin halin yaron ya ba shi mamaki ba.

Ikilisiya ba ta riga ta sa sunan Michael a jerin tsarkaka ba, kuma ba hurumina ba ne in riga ta yanke hukunci. Tana da ƙa'idarta: sai an shekara biyar da rasuwar mutum kafin a buɗe bincike, a tara shaidu a dayosis, a aika Roma, a tabbatar cewa saboda bangaskiyarsa aka kashe shi kuma ya karɓi mutuwar ba da ƙiyayya a zuciya ba. Wannan aiki ne na shekaru. Amma hanyar da Michael ya bi tsohuwar hanya ce, wasu 'yan Afirka sun riga shi takawa, kuma Ikilisiya ta riga ta shaide su. Babbansu shi ne Charles Lwanga na ƙasar Yuganda, waliyyin da aka ba matasan Katolika na Afirka ya zama abin koyinsu.

Ga yadda nasa ya kasance. A 1879 masu bishara na Katolika suka isa masarautar Buganda. Cikin 'yan shekaru samari da yawa daga cikin barorin fada suka karɓi bangaskiya. Sarki Mwanga na Biyu, wanda ya hau gado a 1884, ya saba tilasta wa yaran fadarsa aikata alfasha da shi. Da yaran suka zama masu bi, suka fara cewa a'a. Sarkin da ba a taɓa yi wa musu ba ya ga abin a matsayin tawaye. Babban baransa, Joseph Mukasa Balikuddembe, ya riƙa kare yaran, kuma da sarki ya sa aka kashe Bishop James Hannington na ɗarikar Angilikan a 1885, Mukasa ya tsaya gabansa ya ce abin da ya yi zalunci ne. Ku lura, ɗan Katolika ne ya sa wuyansa domin jinin wanda ba ɗarikarsu ɗaya ba. Ranar 15 ga Nuwamba, 1885, aka fille masa kai aka ƙone gawarsa. Kafin ya mutu ya aika wa sarki cewa ya yafe masa, amma ya tuba.

Charles Lwanga ne ya gaji kula da yaran. Ya ga abin da ya sami magabacinsa da idonsa, ya san kujerar da ya hau ta mutuwa ce, amma bai janye ba. Ya ci gaba da koya musu, yana ɓoye su daga sha'awar sarki. A ƙarshen Mayu, 1886, da ya ga fushin sarki ya kai maƙura, ya tara waɗanda ba a riga an yi musu baftisma ba ya yi musu da dare. Cikinsu akwai Kizito, yaro ɗan shekara 14 ko ƙasa da haka. Da gari ya waye sarki ya tara barori ya ce masu addu'a su ware gefe guda. Lwanga ya fara fita, sauran suka bi shi. Aka tambaye su ko za su bar addininsu, suka ce har mutuwa suna kai. Aka ɗaure su, aka kora su a ƙafa zuwa Namugongo. Cikinsu akwai Mbaga Tuzinde, ɗan gidan babban haunin sarki. Haunin ya roƙe shi, ya lallashe shi, ya ce zai ɓoye shi, yaron ya ƙi rabuwa da 'yan'uwansa. Ranar 3 ga Yuni, 1886, aka ware Lwanga aka ƙone shi a hankali, daga ƙafa wutar ta fara. Sauran aka naɗe su cikin tabarmin kara aka jera a kan itace aka cinna wuta, 'yan Katolika da 'yan Angilikan tare, suna addu'a har muryoyinsu suka ɗauke.

Sarki ya zaci ya kashe maganar ke nan. Yau ina Mwanga? Turawan Ingila sun kama shi, ya mutu a gudun hijira a tsibiran Seshel a 1903. Su kuwa waɗanda ya kashe, ranar 18 ga Oktoba, 1964, Fafaroma Paul na Shida ya sa 22 daga cikinsu a jerin tsarkaka, ya kuma ambaci 'yan'uwansu na Angilikan da girmamawa. A 1969 ya taka ƙafarsa zuwa Yuganda dominsu. Kowace ranar 3 ga Yuni hutu ce a ƙasar, kuma dubban ɗaruruwan mutane na cika Namugongo, wasu sun yi makonni suna tafiya a ƙasa. Har a nan Najeriya, ƙungiyar dattawan Katolika da aka kafa a 1953, wadda muke ganin 'ya'yanta da kayan ado a manyan bukukuwan coci, sunan Matthias Mulumba take ɗauke da shi, ɗaya daga cikin shahidan nan. 'Yan'uwana Musulmi, ku ma kuna da rabo a tarihin wurin: kimanin shekara goma kafin Lwanga, a zamanin Sarki Mutesa na Ɗaya, an kashe samari Musulmi da dama a Buganda saboda sun ƙi sayar da addininsu domin faranta wa sarki. Azzalumi ba ya tambayar alƙiblarka. Abin da ba ya so shi ne mutumin da ke tsoron Allah fiye da tsoronsa.

Tsakanin Namugongo da Kakau akwai shekara 134 da nisan ƙasashe, amma hali ɗaya ne. Lwanga da Michael ba su nemi mutuwa ba, ita ta same su a bakin aikinsu. Ba su ɗauki makami ba, ba su sa an ɗauka dominsu ba. Ba su yi shiru a kan mugunta ba, kuma ba su ƙi mugun ba. Haɗa waɗannan biyun, faɗin gaskiya da rashin ƙiyayya, shi ne aiki mai wuya, kuma shi ne abin da garinmu ya fi buƙata. Domin mu a Kaduna mun gwada hanyoyi biyu, duka sun kai mu ga asara. Mun gwada ramuwa, mun gwada shiru.

Ramuwa mun san inda ta kai mu. Wanda ya yi wayo a 2000 bai manta watan Fabrairu da watan Mayu ba. Bai manta Nuwamban 2002 ba, bai manta Afrilun 2011 ba. Kowane tashin hankali ya bar gawarwaki, ya kuma bar abin da ya fi daɗewa: gari ya rabu biyu, kogin Kaduna ya zama iyaka. Iyalan da suka shekara arba'in a unguwa ɗaya suka sayar da gidajensu da arha, Kirista suka tsallaka zuwa Sabon Tasha da Narayi da Romi, Musulmi suka dawo Tudun Wada da Rigasa da Kawo. Yau akwai yaran da suka girma ba su taɓa cin tuwo a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. A nan kusa da mu, ranar Lahadi 28 ga Oktoba, 2012, ɗan ƙunar baƙin wake ya kutsa da mota cikin cocin St. Rita da ke yankin Malali ana tsakar sujada, ya kashe masu ibada, ya jikkata da yawa. Wannan ta'asa ce da ba za mu manta ba. Amma tilas mu faɗi ragowar labarin: a ranar wasu samari suka fita titi da fushi, suka kashe mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Wa wannan ya dawo wa da ɗansa? Wace gwauruwa ya share wa hawaye? Ana cewa ramuwar gayya ta fi gayya zafi. Haka ne, ta fi zafi, kuma kan marar laifi zafin yake sauka.

Shiru ma mun gwada shi, muna kan gwada shi. Mun koyi rufe ƙofa da wuri, mu ce tunda ba gidana ba ne ba ruwana. Muna cikin wannan shirun aka kwashe ɗalibai a Afaka a Maris na 2021, aka shiga Jami'ar Greenfield a Afrilu, aka tafi da yaran makarantar Bethel Baptist a Yuli. Ranar 28 ga Maris, 2022, aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna. A Maris na 2024 aka kwashe yaran makaranta a Kuriga. Limamanmu kuwa sai binne su muke: Fada Joseph Aketeh Bako na Kudenda da ya mutu a hannun masu garkuwa a 2022, Fada Vitus Borogo da aka harbe a Kujama a watan Yunin shekarar, Fada John Mark Cheitnum da aka kashe a watan Yuli, ɗalibi Na'aman Danlami da aka ƙone a gidan Fada a Fadan Kamantan a Satumban 2023, Fada Sylvester Okechukwu da aka kashe a Maris na 2025. A Birnin Gwari da Giwa da Igabi kuma, manoma Musulmi nawa aka kashe a gonakinsu, limamai nawa aka ɗauke daga masallaci? Shirunmu bai saya mana lafiya ba. Ya dai ƙara wa mugu faɗin wuri.

Saboda haka ina kira, kuma zan fara da gidanmu.

'Yan'uwana 'yan Katolika, da dukan masu bin Almasihu, kada mu mai da shahidanmu tutar gaba. Duk wanda ya ambaci sunan Michael domin ya hura wutar ƙiyayya ya ci amanarsa. Istifanas, shahidi na farko, ana jifansa yana roƙa wa masu jifan gafara, kuma cikin waɗanda suka tsaya wurin akwai Shawulu da ya zama Manzo Bulus. Wannan ne gadonmu. Yafiya ba ta hana neman shari'a, ba ta kuma hana mutum tsare gidansa da cocinsa ta hanyar da doka ta yarda. Abin da ta hana shi ne ɗaukar laifin wani a ɗora wa wani. Ya Fada, ya Katikis, ku faɗi wannan a kan bagadi ba tare da kwana-kwana ba, musamman ranar da zukata suka yi zafi, domin ranar ce ake bukatarsa. Kowace Ikilisiya ta buɗe littafi ta rubuta sunayen waɗanda aka kashe mata: wane ne, yaushe, a ina, me ya faɗa, wa ya gani. A 2023 Fafaroma Francis ya kafa kwamiti na musamman domin tattara sunayen shahidan wannan zamani. Idan mu ba mu rubuta namu ba, wa zai rubuta mana? Tsofaffin da suka gani da ido suna ƙarewa.

Iyayenmu mata na ƙungiyar Zumunta, ku ne ƙashin bayan Ikilisiya, kowa ya sani. Kakar Michael ce ta dasa masa abin da bindiga ta kasa tumɓukewa. Ku koya wa yara addu'a tun suna goye, ku ba su labarin Kizito kamar yadda kuke ba su tatsuniya, su san cewa yaro ma yana iya cewa a'a. Sannan ku duba cikin unguwa. Akwai gwauraye da marayun da muka raka su maƙabarta muka watse, ba mu sake leƙa su ba. Akwai waɗanda suka dawo daga daji da rai amma barci ya ƙaurace musu, iyalinsu sun sayar da gona da gida wajen biyan fansa. Girmama shahidi a baki alhali marayansa na zaune gida saboda kuɗin makaranta, wannan abin kunya ne. Kowace ƙungiya a coci ta ɗauki gida ɗaya ta tsaya masa har yaran su kammala karatu.

Samari da 'yan mata, ku ne kan gaba a wannan kira, domin Lwanga da Kizito da Michael sa'o'inku ne. Wataƙila ba za a taɓa ɗora muku bindiga a ka ba, Allah ya kiyaye. Amma kowace rana ana tambayarku abin da aka tambaye su. Ɗan siyasa zai ba ku kuɗi da ƙwaya ku tare masa akwatin zaɓe. Abokai za su ja ku cikin 'yan shara su ce nan ake zama namiji. Wani mai muƙami zai ce wa yarinya sai ta ba da kanta kafin ta ci jarrabawa ko ta sami aiki, irin buƙatar da Mwanga ya kawo wa yaran fadarsa. Wani zai ce ku ba shi lambar waya da lokacin fitar maigidan da kuke wa aiki, a ba ku kaso. A nan ake gane mai bangaskiya. Wanda bai saba cewa a'a a ƙaramin abu ba, ba zai iya faɗinta ranar babban abu ba. Michael bai koyi jarumta a daji ba, da ita ya shiga. Ku kuma kula da yatsunku: hoton gawa ko muryar da ba ku san asalinta ba, kada ku tura ta a WhatsApp ko Facebook. Jita-jita ta sha ƙone garin nan kafin a kunna ashana.

Maƙwabtanmu Musulmi, alhazai da malamai, iyaye da abokan kasuwa, ban zo in ɗora muku laifin wani ba. Wanda ya kashe Michael ɗan fashi ne, kuma ire-irensa sun zubar da jininku kamar yadda suka zubar da namu. Na zo in roƙe ku mu tsaya tare. Kuna da naku jaruman da muke cire wa hula. A Yunin 2018, a ƙauyen Nghar da ke Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara fiye da 80, ya ɓoye mutane 262 a masallacinsa da gidansa, akasarinsu Kirista, ya fito ya tari maharan ya ce sai dai su fara da shi. A nan Kaduna, Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun taɓa zama abokan gaba, ɗaya ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa, ɗaya ya rasa hannunsa, amma suka ajiye gaba suka kafa cibiyar sulhu, suka taimaka aka sa hannu a Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kaduna a Agustan 2002. Idan aka taɓa coci, muna so mu ji muryarku a mumbarin Juma'a. Idan aka taɓa masallaci ko aka kashe masu Mauludi kamar yadda ya faru a Tudun Biri a Disamban 2023, wajibi ne ku ji tamu a ranar Lahadi, ku gan mu a wurin ta'aziyya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Doka na da hakki na musamman a wannan aiki. Nan ne tsakiyar gari. Nan ne har yanzu mai shago Musulmi da mai shago Kirista ke ba juna ajiyar makulli, ma'aikata daga kudancin kogi da arewacinsa ke zama a ofis ɗaya. A Dandalin Murtala, ranar 14 ga Fabrairu, 1982, Fafaroma John Paul na Biyu ya naɗa sababbin limamai, kuma a wannan rana ya yi jawabi ga Musulmin ƙasar nan yana kira a haɗa hannu a matsayin bayin Allah ɗaya. Idan cuɗanya ta mutu a Doka, ba ta da sauran mafaka a Kaduna. Masu gidajen haya, ku daina tambayar addinin mutum kafin ku ba shi ɗaki. Masu unguwanni, ku haɗa limaman coci da na masallaci da shugabannin matasa a zama na kowane wata, tun ana lafiya, kowa ya riƙe lambar ɗan'uwansa. Ba ranar da hayaƙi ya tashi ake neman sanin juna ba.

Mahukunta kuma, daga kansila zuwa Gidan Gwamnati na Sir Kashim, daga majalisar da ke zama a Lugard Hall zuwa Abuja, ku ji da kyau. Jarumtar shahidi ba ta wanke gwamnatin da ta kasa tsare shi. Muna alfahari da Michael, amma da an tsare makarantarsa da yau yana kan hanyar zama Fada, yana hidima ga jama'a. Ba mu son a ƙara mana shahidai. Tsarin mulkin ƙasa ya ce tsaron rai da jin daɗin jama'a su ne aikin farko na gwamnati, kuma a kan haka kuka yi rantsuwa. Muna so a tsare makarantu da wuraren ibada da hanyoyin gona. Muna so wanda aka kama a kai shi kotu, a yi shari'ar a fili, iyalan mamaci su ji hukunci da kunnensu. Nuna masu laifi a talabijin sannan a ji shiru ba adalci ba ne. Muna so a bi sawun masu kai wa daji bindiga da mai da abinci da labari, ko su wane ne, ko a wane gida suke. Muna so a rufa wa mai ba da rahoto asiri, domin mutane da yawa sun san abin da suka sani, tsoron a tona su ne ya ɗaure musu baki. Mu kuma talakawa, mu tambayi duk mai neman ƙuri'armu abin da ya yi a kan wannan, kafin mu tambaye shi daga wane coci ko masallaci ya fito.

Jama'a, kowa na jin tsoro, kuma jin tsoro ba laifi ba ne. Lwanga mutum ne mai jini da tsoka, wuta ta ƙone shi kamar yadda za ta ƙone kowa. Michael yaro ne da ke son ya rayu ya ga ranar naɗinsa. Abin da suka ƙi shi ne tsoro ya zama ubangijinsu. Ba a ce kowa ya mutu irin mutuwarsu ba, an ce kowa ya rayu irin rayuwarsu. Ranar 3 ga Yuni mai zuwa, kowace Ikilisiya a Doka ta tara matasanta ta karanta musu tarihin shahidan Yuganda. Ranar 11 ga Fabrairu mu tuna Michael da dukan waɗanda daji ya cinye, Kirista da Musulmi, mu gayyaci maƙwabta su zauna tare da mu. Kafin ranakun nan su zo, kowa ya fara daga ƙofar gidansa: ka gaida maƙwabcin da ka daina gaisarwa, ka leƙa marayan da ka manta, ka faɗi gaskiyar da ka daɗe kana haɗiyewa, ka hana ɗanka fita ranar fushi.

Ku tashi, jama'ar Doka. Yaro ɗan shekara 18 ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar daji bai sunkuya ba. Mu da muke dubbai, a cikin garinmu, ba mu da hujjar sunkuyawa. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, ya shiryi masu ɗauke da makami, ya ba mu zuciyar faɗin gaskiya ba tare da ƙiyayya ba. Allah ya zaunar da Kaduna lafiya. Amin.